Malam Birki da Bas Ɗin Kan Dutse

Ba iyayensa ne suka sa masa Birki ba. Ɗalibai ne, a makarantar koyon tuƙin da yake aiki, domin babu kalmar da ta fi fita daga bakinsa kamar ita. Tun sunan yana ɓata masa rai har ya saba, har ta kai in aka kira shi da na gaskiyar sai ya ɗan yi jim kafin ya waiga. Matarsa ta rantse ko gyangyaɗi yake a falo, za ka ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa.

Ya ba arba'in baya, ga ɗan tumbin da zaman mota ya ajiye masa. Wuni yake a kujerar gefen direba, cikin wata ƙaramar mota mai jan tambarin koyo gaba da baya, wadda gilashin ɓangarensa ba ya sauka sai an dafa shi da tafin hannu. A ƙarƙashin ƙafarsa akwai birki na biyu da makanike ya haɗa, robarsa ta cinye har ƙarfe ya leƙo. Ya koya wa 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti da 'yan fansho, ya kuma koya wa matan da mazajensu suka gwada koya musu har zaman gidan ya nemi ya gagara. Duk wanda ya bi ta hannunsa zai ce maka Malam akwai haƙuri. Matarsa kuwa cewa take haƙurin a mota yake ƙarewa, ita tsakin kawai ake kawo mata gida.

Abu ɗaya ne yake sauke masa gajiya, shi ne gem, wasan nan na bidiyo. Tun yana saurayi a gareji ya kamu, bai kuma warke ba. Da ya yi iyali sai ya sayi na'urarsa ta gwanjo, ya ajiye ta ƙarƙashin talabijin, ya rufe da ƙyalle saboda hannun yara. In ya dawo da yamma ya watsa ruwa, sai ya zauna ya ɗan taɓa kafin a kawo abinci. Sai dai irin bugunsa daban ne. Ba ya tsallake rubutu, ba ya wuce ƙofa bai buɗe ba, duk wanda ya tarar a tsaye cikin gem sai ya ji ta bakinsa. Abin da wasu ke cinyewa cikin mako, shi sai ya yi watanni yana kewaye a ciki. Ko na tseren mota ne, sai ka ga yana rage gudu a kwana kamar da ɗan sanda a gaba.

Damuwarsa ba ta bugawa ba ce, ta ba da labarin ce. Mutum ne da in abu ya shige shi, yakan so ya zauna ya warware shi dalla-dalla, daga farko, a kuma saurare shi. Allah kuwa ya haɗa shi da abokan hira biyu da ba su taɓa barin mutum ya kai aya ba.

Na farko Mai Aski, abokinsa tun suna yara. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, kujerun aski biyu, ɗaya an naɗe hannunta da salatif, madubi mai tsaga a kusurwa, benci, sai fankar da wuyanta ya ƙage tana hura bango. A nan suke haɗuwa duk ranar hutun Birki da la'asar. Mai Aski ba shi da na'ura, rabon da ya riƙe hannun gem, abin dannawar nan, shi ma ba zai iya tunawa ba. Abin da yake yi, in babu kowa a kujera, ya jingina wayarsa da gwangwanin hoda ya kalli wasu suna bugawa. Da wannan ya zama alƙalin duk wani gem da aka taɓa yi a duniya.

Na biyu Ango, mijin ƙanwar Birki, mai aiki a shagon sayar da waya. Tun bikinsa sunan ya bi shi, ga shi yau babbar 'yarsa ta shiga sakandare. Shi kam yana bugawa, har ya yi yawa. Babban yatsansa kullum a kan madannin tsallake labari yake, in ya ga mutanen gem sun buɗe baki za su yi magana sai ya wuce. In ya ƙosa ya san ƙarshe sai ya nemo a waya ya karanta. Kuma cikinsa ba ya riƙe abu.

Yadda hirar ke tafiya ke nan. Birki zai gyara zama a benci ya ce, "Na fara wani, na wani jarumi da aka kora daga garinsu..."

"Shirme ne," in ji Mai Aski, bai ko ɗago daga ƙeyar da yake gyarawa ba. "Ruwan cikinsa kamar an shimfiɗa leda."

"Ka buga?"

"Na gani."

"Gani da bugawa ɗaya ne?"

"To kai da hanci kake bugawa, mutumina? Ba da idon ba?"

Kafin ya samo amsa Ango ya tsoma baki. "Malam, wannan ai tuni na gama da shi. Shawara ɗaya zan ba ka, kar ka yarda da ƙanen nan nasa."

"Ango!"

"Ni fa ban ce komai ba. Cewa na yi kar ka yarda da shi."

Haka Birki zai koma gida da maganarsa a ciki ba ta fito ba, ya huce kan takalman yara da aka bari a bakin ƙofa. Matarsa ta sha tambayarsa dalilin da yake komawa shagon. Sai ya ce to ina zai je? Wa ya san gem a layin nan in ba su ba?

Ana nan sai ya ci karo da gem ɗin da ya fi duk wanda ya taɓa bugawa shiga ransa. Sunansa na asali dogo ne, shi dai Bas Ɗin Kan Dutse yake ce masa. Babu bindiga, babu dodo. Kai ne wani dattijon direba, kana jan tsohuwar bas a wata siririyar hanya da ta nannaɗe dutse, daga ƙauyen ƙasa zuwa na sama. Fasinja su shiga, su zauna a bayanka, su yi ta hira. In ka yi tuƙi a natse sai su saki jiki su faɗi abin da ke damunsu. In ka faɗa rami ko ka taka birki da ƙarfi sai su yi shiru, labarin ya wuce ka ke nan. Direban kansa ba ya magana. Abin da za ka iya kawai shi ne ka gyaɗa kai a madubi, ko ka rage rediyo. Akwai kuma wata tsohuwa mai kwando a rufe, kullum tana tsaye a tasha ɗaya, ta shiga ta zauna a kujerar farko, ta kai ƙarshen hanya, ta dawo tare da bas ɗin ba ta sauka ba.

Birki ya ji kamar don shi aka yi. A karon farko a rayuwarsa ga gem ɗin da ke saka wa mai duba madubi. Banda haka, mahaifinsu direban babbar mota ne, mutum marar magana, wanda abin da Birki ya fi tunawa da shi shi ne ƙeyarsa da hannunsa a kan sitiyari. Sai ya riƙa jan bas ɗin a hankali, zuwa ɗaya kawai yake yi kowace yamma don kar ya ƙare da wuri.

Da yake ya san halin mutanensa, sai ya yi dabara. Suna da guruf a waya su uku. Wata rana a lokacin hutun rana ya kulle kansa cikin mota, ya ɗauki saƙon murya mai tsawon gaske, ya bayyana yadda ƙarar injin take canjawa a hawa, da yadda fasinja ke sassauta murya in an zo kwana, ya roƙe su da girman Allah kada wanda ya gaya masa komai game da tsohuwar. Ya tura. Mai Aski ya maido masa da hoton babban yatsa tun kafin a ce mutum ya isa jin sallamar farko. Ango ya rubuto, "Malam a taƙaice me ka ce?"

Ranar hutu ya zo shagon, ya ce yau aski zai yi. Dabara ce ta biyu: in yana kan kujera, mai shago ba shi da inda zai gudu. Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna inji, ya fara daga gefen hagu.

"Abin da ya burge ni," Birki ya fara, yana kallon su ta madubi, "shi ne ba a ce maka yi kaza. Kai ne za ka gane da kanka cewa..."

"Na ga wannan," in ji Mai Aski. "Aikin kwandasta ne aka mayar gem. Ka wuni a mota, ka dawo gida ka sake shiga mota. Sunkuya."

"Ba kwandasta ba ne, direba ne. Ka bari in ƙarasa."

"Bishiyoyinsa ma ba sa motsi."

"Suna motsi! In iska ta taso..."

Ango yana kan benci yana latsa waya. Ya ɗago fuskarsa a sake, kamar wanda ya tuno abin alheri.

"Au, na bas ɗin nan ne? Malam, ka kai wurin da ake gane tsohuwar matarsa ce? Wai mantuwa ce ta kama ta, kullum mijinta take fita nema, ba ta san shi ne ke jan ta ba. Wallahi sun yi ƙoƙari a nan."

Birki ya kalli Ango ta madubi, ya daɗe yana kallonsa.

"Na roƙe ka," ya ce. "Da girman Allah na roƙe ka."

"Yaushe?"

"A saƙon da na tura!"

"Ai Malam saƙon ne ya yi tsawo."

Birki ya miƙe. Ya fizge ƙyallen daga wuyansa, gashi ya watsu a ƙasa, ya ajiye shi a kan kujera. Mai Aski yana cewa, "Haba mutumina, saura rabi fa," amma ko waiwaye bai yi ba. Haka ya bi titi, hagu a aske tas, dama gashi cunkus, masu shaguna suna leƙowa. A bakin ƙofar gidansa ya tsaya ya fice daga guruf ɗin. Matarsa ta buɗe, ta kalli kan, ta toshe baki da mayafi ta koma kicin, daga can ya riƙa jiyo abin da take ƙoƙarin dannewa. Washegari wani baƙon mai aski ya ƙarasa masa, bayan ya tambaye shi ko faɗa aka yi.

Ya daina zuwa shagon. Ƙanwarsa ta kira tana ba da haƙuri a madadin mijinta, amma a muryarta ya ji ba ta ga abin fushi ba. "Yaya, a kan tsohuwar cikin talabijin?" Ya ce ta gaishe da yara, ya kashe.

Sai dai maganar tana nan a cikinsa tana cin sa. Ya gwada matarsa. Ta saurara tsakani da Allah tana ninke kaya, har ya fara jin daɗi, sai ta ce, "To ita tsohuwar ba ta da 'ya'ya ne da za su bar ta tana yawo? Af, ka tuna mini, gas ya kusa ƙarewa."

Daga nan abin ya bi shi wurin aiki. Akwai wata ɗaliba ma'aikaciyar banki, mai tsoro, da ke riƙe sitiyari kamar zai ƙwace ya gudu. Suna zagaye filin koyo a giya ta ɗaya, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Kin ga yadda kika sha kwanar nan a hankali? Akwai wani gem..." Baiwar Allah mai ladabi ce, an koya mata in babba na magana a dube shi. Ta juyo tana dubansa tana gyaɗa kai. Shi kuma da ya samu mai sauraro sai ya saki jiki, har da kwatance da hannu biyu. Motar ta bi ta kan robobin da aka jera, ta ture durom, ta je ta sumbaci katangar filin. A hankali ne, fitila ɗaya ce ta fashe, amma duk makarantar ta gani. Mai makarantar ya kira shi ofis, ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai ne fa ake ce wa Birki. Ina ƙafarka take?"

Birki ya ba da haƙuri.

Cikin wannan hali aka yi wa babbar yayarsu aiki a gwiwa. Ita ta riƙe su bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi shekaru tana sayar da tikiti a tashar mota har ta yi ritaya, muryarta kuma har yau ta tasha ce. Gidanta a bene yake, nasa a ƙasa, don haka aka kawo ta wurinsa jinya. Ta ce ita ba za a kulle ta a ɗaki kamar kaya ba, sai aka sa mata gado a falo, daidai gaban talabijin.

Ya yi kwanaki bai kunna na'urar ba don kunya. Ran da ya kasa daurewa, ya rage sauti, ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon. Bas ta tashi. Yaya ta gyara filo.

"Ɗan Baba, wannan wace irin mota ce babu kaya a sama?"

"Gem ne, Yaya."

"Kuma kowa ya shiga ya zauna, babu mai faɗa a kan kujerar taga? Wanda ya yi abin nan bai taɓa zuwa tasha ba. Ka taka mana, kana tafiya kamar ka ɗauko ƙwai."

"In na yi gudu ba za su yi magana ba."

"Fasinja? Fasinja ko a rami kuka faɗa sai ya yi magana."

Aka iso tashar tsohuwar. Ta hau da kwandonta, ta zauna. Yaya ta ƙura ido, ta ga yadda direban ya jira har ta gama zama kafin ya saki birki, ya kuma rage rediyo ba a roƙe shi ba.

"Wannan matarsa ce," ta ce.

Birki ya ajiye hannun gem a cinya. "Ango ne ya gaya miki?"

"Wane Ango? Ba ta biya ba, bai tambaye ta ba. In ba matarsa ba, uwarsa ce, kuma ta yi yarinya da haihuwarsa."

Ya rasa wanda zai ji haushinsa. Shi ya yi makonni yana jan matar nan sama da ƙasa bai gane ba sai da Ango ya faɗa.

Abin bai tsaya nan ba. Zaman gado ya ishi Yaya, ta ce a nuna mata yadda ake yi. Ba a ce wa Yaya a'a. Ya nuna mata totur da birki, ita kuwa totur kawai ta riƙe. Ta kwashi fasinja ta watsa su cikin kwazazzabo, ta kwashe da dariya har sai da ɗinkin gwiwa ya tuna mata da kansa. Ta ce a sake.

Wata yamma ya dawo, ya watsa ruwa, ya karɓi hannun gem. Ya ga bas a tashar farko, fenti sabo, babu ko fasinja ɗaya da ya sani. Duk tafiyar da ya yi ta goge.

"Yaya, me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Wata tambaya ya yi mini, na ce masa eh."

"Wace tambaya?"

"Ina na sani? Tabarauna yana ɗaki."

Ya dube ta. Wannan ce matar da ta yi masa wanka, ta kai shi makaranta, ta tsaya masa har ya yi aure. Ya tashi ya fita bayan gida, ya tsaya gaban tankin ruwa, ya yi tsakin da bai taɓa yin irinsa ba. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce a hankali dai, maƙwabta za su ɗauka taya ce ta sace. Ya dawo ya fara daga farko.

Ranar hutunsa sai ga sallama. Mai Aski ne da Ango, sun zo duba Yaya, da ledar lemo a hannu. Birki ya amsa musu a daƙile. Suka zauna a kan kafet suka tanƙwashe ƙafa, Ango har da sunkuyar da kai, don ita ma yayar matarsa ce. Bayan sun yi mata ya jiki, idon Mai Aski ya faɗa kan talabijin.

"Au, Yaya, ke ma an sa ki kallon wannan?"

"Kallo? Bugawa nake."

Ta fara. Ta ce hanyar ta yi kyau amma kwana ta uku ha'inci ce, an ɓoye ta bayan dutse. Ta ce malamin makarantar da ke hawa da jaka maƙaryaci ne, daga yadda yake gaisuwa ta gane. Ta ce mai cikin da ke zama a baya ita kaɗai ce mutuniyar kirki. Ta ce kiɗan yana sa ta barci, amma ƙarar injin a hawa daidai take, haka tsohuwar mota ke nishi. Ta yi ta yi, tana komawa baya tana gyara abin da ta faɗa. Mai Aski ya ɗaga yatsa sau ɗaya zai ce wani abu a kan bishiyoyi, ta ce, "Ina magana," ya mayar da yatsan. Ango bai ko taɓa wayarsa ba.

Birki yana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, takaici kamar ya kashe shi. Rabin abin da take faɗa yana cikin saƙon da ya tura musu. Da za su tafi Mai Aski ya ce, "Gaskiya Yaya kin sa ina son in gwada shi." Ango ya matso ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ban san abin ya kai haka ba." Birki ya ce ya wuce, don Yaya na kallonsa.

Ya ƙarasa gem ɗin wata rana da aka wuni ana ruwa, ɗalibai ba su zo ba, aka sallame su da wuri. Yaya ta sha magani tana kwance ta ba talabijin baya. A zuwa na ƙarshe kowa ya sauka, saura tsohuwar, barci ya ɗauke ta a kujerar farko da kwandon a cinya. Hanya ta kai shi ƙofar wani ɗan gida, ya tsaya. Gem ɗin bai ce masa komai ba. Makulli kawai ke ɗan haske, alamar in ya ga dama ya kashe injin. Ya gane in ya kashe za ta farka, in ta farka kuma za ta tambaye shi ko ya ga mijinta. Ya san duk wannan tun a shagon aski, amma sanin bai rage komai ba. Ya zauna, injin yana kaɗawa, ruwa na sauka a gilashin bas, na gaske kuma na sauka a kwanon gidansa.

"Kar ka kashe tukuna," in ji Yaya. Ashe ta juyo.

Ya bar injin yana kaɗawa. Can ya ce, "Direban nan Baba yake tuna mini. Shi ma ba ya magana."

"Wa? Baba? Baba da surutu kamar rediyo?"

"Ni ban taɓa ji ba."

"A mota yake yi. Ni ya sha tafiya da ni. Injin babbar motar nan ya kashe masa kunnen dama, kai kuma kullum ta dama kake zama kana ƙunƙuni. Yana cewa yaron nan ba ya son magana da shi." Ta ja bargo. "Ku biyu duk kun cika jiran a ba ku fili. Wa zai ba ka? Kashe motar, mai yana ƙonewa."

Ya kashe.

Ranar hutu ta gaba ya koma shagon. Ya zauna a benci, ya ce ya gama Bas Ɗin Kan Dutse, yana da magana.

"Ƙarshen ya yi sanyi," in ji Mai Aski. "Na gani. Da ni ne..."

"Ba kai ba ne," Birki ya ce, da muryar da yake yi wa ɗalibi in ya nufi katanga. "Ba ka buga ba. Abin da suka yi a ƙarshen nan, sun bar maka makulli a hannu..."

"Malam, ai akwai wani ƙarshen na biyu, in ka..."

"Ango, rufe mini baki! Sun bar maka makulli, ba wanda ya ce ka kashe, kai ne za ka zaɓi lokacin da za ka tashe ta."

Ba su yi shiru ba. Ba halinsu ba ne. Mai Aski ya ci gaba da nasa, Ango ya ci gaba da nasa, Birki ya hau kansu duka ya ci gaba, yana ɗaga murya in sun ɗaga, har mutumin da ake wa aski ya ce don Allah a kula da kunnensa. Ko rabin abin da ya faɗa ba su ji ba, shi ma bai ji nasu ba. Amma ya kai ƙarshe. Ya fito maƙogwaronsa na zafi, ya sayi ruwa a shagon gefe ya shanye a tsaye.

Tun daga nan shagon ya zama abin da maƙwabta ke kuka da shi duk ranar hutu. Mai Aski yana gaya wa mutane abokinsa ya lalace, da mutum ne mai sauraro. Birki bai daina dawowa gida a fusace ba, sai dai yanzu da dasasshiyar murya yake dawowa, yana lissafa wa matarsa amsoshin da ya bayar.

Da gwiwar Yaya ta warke, ta haɗa kayanta za ta koma benenta. Yana saka jakunkuna a but ɗin mota sai ya ga wata leda da igiyar wutar na'urarsa ta leƙo daga ciki.

"Yaya, wannan fa?"

"Aro ne. Akwai wani na dambe da Ango ya ce zai kawo mini."

"To ni da me zan buga?"

"Ƙafarka lafiya lau take, ka hau bene. Ka zo da batir, na hannun gem ɗin ya fara sanyi."

Ya tsaya da ledar a hannu, ya dubi matarsa ko za ta sa baki. Ta ɗauke kai tana gyara wa Yaya kujera. Ya saka ledar a but, ya cusa tsumma a gefenta don kar ta bugu a hanya, ya rufe.